Wurin da aka hana ka taɓawa ba zai ba ka sabon tunani ba

Kwanakin baya aka zagaya da ni wani babban ofis da aka gama yi wa kwaskwarima. Mai yi mini jagora ya ajiye abin da ya fi alfahari da shi sai daga ƙarshe, wato wani ɗaki da suka raɗa wa suna ɗakin ƙirƙira. Kujeru kala-kala, bango ya sha fenti kore da ruwan ɗorawa, an rubuta kalaman ƙarfafa gwiwa da manyan baƙaƙe. Sai da muka tsaya aka je aka karɓo mabuɗi daga ofishin shugaba kafin mu shiga. A bayan ƙofa an manna takarda: kada a matsar da tebur, kada a liƙa komai a bango, duk mai son amfani da ɗakin ya nemi izini a rubuce.

Su kuwa ma'aikatan suna can cikin wani makeken ɗaki, tebur na gogar tebur, tagogi ba sa buɗuwa, kuma doka ce kowa ya kwashe duk abin da ke gabansa kafin ya tashi da yamma. Da muka fito sai jagoran nawa ya ce, "Mu dai mun yi namu, saura su su kawo sababbin dabaru."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Mutane sun kasu biyu a kan batun, kuma a ganina duka sun kauce hanya. Wasu na cewa wuri ba ya ƙara komai, mai basira ko ina ka ajiye shi zai yi abinsa. Wasu sun yarda wuri na da tasiri, amma sun ɗauka tasirin yana cikin fenti da kujera, abin da za ka saya ka sa a mota a kawo maka.

Matsayina shi ne wuri yana gina tunani, yana kuma kashe shi. Babban abin da ke sa wuri ya haifar da sabon tunani kuwa shi ne wanda ke zaune a ciki ya zama yana da iko a kansa. Ya iya jan tebur, ya buɗe taga, ya rufe ƙofa, ya liƙa takarda a bango, ya bar aikin da bai gama ba a shimfiɗe har gobe. Ka ba mutum ɗaki ka ce kada ya taɓa komai, daidai yake da ka ba shi gona ka hana shi sa fartanya.

Ginin da ba wanda ya damu da shi

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jami'ar MIT da ke Amurka ta kafa wani gini na katako mai hawa uku cikin gaggawa, domin masu binciken rada, na'urar da ke gano jirage daga nesa. Ko suna ba a ba shi ba, lamba kawai aka sa masa: Gini na 20. An yi shi da niyyar a rushe shi wata shida bayan an gama yaƙi. Sai ga shi ya yi shekara 55 a tsaye, ba a rushe shi ba sai 1998.

Ginin ba shi da kyan gani ko kaɗan. Lokacin zafi ya gasa mutane, lokacin sanyi ya daskarar da su, tagogi na yoyo, lambobin ɗakuna a hargitse har baƙo kan ɓata a ciki. Bayan yaƙi sai jami'a ta riƙa tura masa duk wanda ta rasa inda za ta ajiye: masana harshe, injiniyoyin lantarki, masu binciken sauti, ƙungiyoyin ɗalibai. A nan Noam Chomsky da Morris Halle suka shafe shekaru suna aikin da ya sauya alƙiblar nazarin harshe. A nan Amar Bose ya yi gwaje-gwajensa a kan sauti, shi ne wanda ya kafa kamfanin lasifika na Bose a 1964. A nan kuma wata ƙungiyar ɗalibai masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa take da ɗaki, kuma daga cikinsu aka samu wasu daga gwanayen kwamfuta na farko-farko.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun da kowa ya san ginin na wucin gadi ne, ba wanda yake tsaron bangonsa. In kana son waya ta ratsa zuwa ɗakin maƙwabcinka, sai ka ɗauko abin huda ka huda, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Wayoyi da bututai duk a fili suke, hannu na kaiwa. Lokacin da masanin kimiyya Jerrold Zacharias yake aikin agogon atom, wato agogon da ke auna lokaci da matuƙar daidaito, na'urarsa ta fi ƙarfin tsayin ɗakinsa, sai kawai ya sa aka cire daɓen hawa biyu da ke samansa. Ka ƙiyasta wasiƙu nawa zai rubuta, kwamiti nawa za su zauna, da a ginin alfarma aka ajiye shi.

Abin da wannan labari ke nuna mini shi ne tunani ba a cikin kai kaɗai yake zaune ba. Wani ɓangarensa yana kan tebur, yana jikin bango, yana ƙasa. Dubi makaniken da ya kwance inji. Yana jera sassan bisa yadda ya ciro su, kowane ƙusa kusa da abin da ya fito daga jikinsa, wanda yake zargin shi ne ya lalace ya ware shi gefe guda. Wannan jerin ajiyar tunaninsa ne. Ka zo ka tattare masa su cikin kwali don wuri ya yi tsaf, ka ɓata masa rabin yini, wataƙila ma ka ɓatar masa da zargin da ya fara yi.

Haka mai rubutu, haka mai zane, haka mai lissafi. Ka baza takardu uku a gabanka, kana duba ta biyu sai idonka ya faɗa kan wani layi a ta uku, nan take ka ga alaƙarsa da abin da ke cikin ta farko. Ba ka nemi alaƙar ba, shimfiɗar takardun ce ta kawo maka ita. Yawancin abin da muke kira sabon tunani haka yake zuwa: abubuwa biyu da aka daɗe da sani, waɗanda ba a taɓa ajiye su kusa da juna ba. Dokar da ta ce a share tebur kullum da yamma tana nufin kowace safiya mutum ya faro daga tushe.

An ma gwada wannan. A 2010 Craig Knight da Alex Haslam na jami'ar Exeter a Ingila sun sa mutane aikin ofis a yanayi daban-daban. Wasu aka ba su ɗaki fayau, tebur da kujera kawai. Wasu aka ƙawata musu da hotuna da tsirrai. Wasu kuma aka miƙa musu hotunan da tsirran aka ce su jera yadda suke so. Waɗanda aka ƙawata wa sun fi na ɗaki fayau yawan aiki da kusan kashi 17 cikin 100. Waɗanda suka jera da kansu sun fi na ɗaki fayau da kusan kashi 32. Akwai rukuni na huɗu da aka bari suka jera, sannan mai binciken ya shigo ya sauya jerin a gabansu. Su kam ribar ta zube. Kayan dai ba su canza ba, abin da aka ƙwace shi ne ikon.

"Ai mai basira ko a kurkuku zai yi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Marie Curie da mijinta Pierre sun yi aikin radiyom, sinadarin da suka gano, a wata tsohuwar rumfa a Paris, rufinta na yoyo in ana ruwa, ba ta da hanyar fitar da hayaƙi mai guba. A nan ta yi kusan shekara huɗu tana dafa tan-tan na ma'adini cikin ƙatuwar tukunya, tana juyawa da sandar ƙarfe da ta kusa kai tsayinta, har a 1902 ta tace kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya rubuta littafi sukutum a kan takardar bayan gida lokacin da ake tsare da shi a gidan yarin Kamiti a 1978. Bill Hewlett da Dave Packard a garejin mota suka fara kamfanin HP a 1939.

Duk gaskiya ne. Amma a sake duba su da kyau. Rumfar Curie, duk lalacewarta, a hannunta take, ba mai zuwa ya ce ta kwashe kayanta da yamma. Garejin nan yana garin Palo Alto ne, dab da jami'ar Stanford, inda malaminsu Frederick Terman yake, ga ɗakunan gwaji, ga mutanen da za a tambaya in an maƙale. Ita kanta Curie ta shafe shekaru tana fafutukar a gina ɗakin gwaji na kirki, har aka kammala Cibiyar Radiyom a Paris a 1914. Pierre ya rasu a 1906 bai ga irin ɗakin da ya yi ta roƙo ba. Wanda ya yi rubutu a kurkuku kuwa, muna jin labarinsa ne saboda irinsa ba su da yawa. Dubban da kurkuku ya dusashe wa basira ba mu san ko sunansu ba, domin abin da ba a rubuta ba ba ya barin shaida.

Sannan wannan hujja magana take a kan mutum ɗaya cikin miliyan. Ni damuwata sauran ne, yaron da ke aji, ma'aikacin da ke ofis, mai sana'ar da ke da 'yar dabara a ransa wadda ba ta nuna ba tukuna.

A 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Arline Bronzaft, ta binciki wata makarantar firamare a New York da ke kusa da layin dogo na sama. Ajujuwan ɓangare ɗaya suna fuskantar layin, jirgi na wucewa duk bayan 'yan mintoci, dole malami ya yi shiru har ƙarar ta lafa. Ajujuwan ɗaya ɓangaren ba sa jin ƙarar sosai. Makaranta ɗaya, unguwa ɗaya, amma 'yan aji shida na ɓangaren jirgi sun kasance a baya da kusan shekara guda a karatu. Da aka shimfiɗa roba a jikin layin dogon aka kuma sa silin mai shanye sauti a ajujuwan, Bronzaft ta koma ta sake aunawa, ta tarar bambancin ya ɓace. Da ba a yi binciken ba, da an ci gaba da cewa yaran can ba su da ƙoƙari.

A 2015 masu bincike na jami'ar Salford, ƙarƙashin jagorancin Peter Barrett, sun duba ajujuwa 153 a makarantun firamare 27 a Ingila, yara 3,766. Sun gano yanayin aji shi kaɗai ya ɗauki kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban da yara suka samu a shekara. Kusan rabin wannan tasiri daga haske ne da iska da zafin ɗaki. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma daga yadda yara ke jin ajin nasu ne, da yadda ake iya sauya tsarinsa. Ado kuwa, sun ga matsakaici ya fi: bango fayau bai taimaka ba, bangon da aka cika maƙil da hotuna shi ma bai taimaka ba.

Wani zai ce karatu daban, ƙirƙira daban. Haka ne. Amma yaron da bai samu ya ji jimlar malami har ƙarshe ba, yaushe zai kai ga ƙirƙiro tasa tambayar? Kowa ya taɓa zama a taron da aka rufe ƙofa da taga, bayan awa ɗaya kai ya yi nauyi, ana ta hamma, ana ɗora laifin a kan mai jawabi. Sau da yawa iskar ɗakin ce ta gurɓata da numfashin jama'a. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a jikin mutum, abin da ya dami jiki ya dame ta.

"To a rushe bangaye, kowa ya ga kowa"

Masu wannan ra'ayi sun kama wani yanki na gaskiya. Haɗuwar da ba a shirya ba tana haifar da abubuwa. A ɗakunan binciken kamfanin tarho na Bell da ke Murray Hill a jihar New Jersey, daraktan bincike Mervin Kelly ya sa an yi gini mai dogayen barandu, ya kuma cakuɗa masana kimiyyar lissafi da na sinadarai da injiniyoyi da gangan, yadda ba za ka iya tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba sai ka ci karo da wani mai wata matsala daban da taka. A wannan gini aka ƙirƙiro tiransista a 1947, abin da duk wata waya da kwamfuta ta yau ke tsaye a kansa. Thomas Allen na MIT ya auna abin a shekarun 1970, ya ga yawan maganar da injiniyoyi ke yi da juna yana raguwa da sauri gwargwadon nisan teburansu, kuma in tazara ta wuce kamar mita 50, da wuya su riƙa magana a kai a kai.

Daga nan sai shugabannin kamfanoni suka yanke cewa tun da kusanci na da amfani, a tara kowa a fili ɗaya ba shamaki. Abin ya kuma zo musu daidai, domin ya fi arha. A 2018 Ethan Bernstein da Stephen Turban na Harvard sun bi ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu kafin a cire musu bangaye da kuma bayan an cire, sun rataya musu na'urorin da ke auna wa ya yi magana da wa. Magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Saƙonnin imel da na kar-ta-kwana suka ƙaru. Mutane sun toshe kunne, sun duƙar da kai, suna aika wa na kusa da su saƙo.

Ban ga abin mamaki a nan ba. Sabon tunani a farkonsa abin kunya ne. Bai daidaita ba, rabinsa kuskure ne, mai shi kansa bai tabbatar da shi ba. Za ka iya raɗa wa abokin aiki ɗaya da ka amince da shi, amma ba za ka faɗe shi a gaban mutum arba'in har da shugabanka ba. Wanda ya san ana kallonsa daga safe har yamma, abin da ya tabbata ba za a yi masa dariya a kai ba shi kaɗai zai yi. Abin da masu koyi da Bell suka manta shi ne dogayen barandun nan ɗakuna ne jere a gefensu, kowa na da inda zai koma ya zauna da abin da ya tsinto a hanya.

Ko ƙananan shingayen ofis da mutane suka tsana a yau, da wata niyya aka faro su. Robert Propst ya fito da tsarin a 1968 a kamfanin Herman Miller, domin ma'aikaci ya samu allunan da zai iya motsawa, ya liƙa aikinsa a jiki, ya tsara kusurwarsa yadda ta dace da shi. Kamfanoni suka karɓi allunan suka ƙi karɓar manufar, suka kafe su a jere don a cusa mutane da yawa a ƙaramin wuri. Propst ya rasu a 2000 yana takaicin abin da aka mayar da aikinsa.

Misalin da ya fi burge ni a wannan fanni tsoho ne. A 1375 masanin tarihi Ibn Khaldun ya gaji da rigingimun fadoji, ya keɓe a Ƙal'at Ibn Salama, wani sansani a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ya yi kusan shekara huɗu a can, kuma a nan ya rubuta daftarin farko na littafinsa Muƙaddima cikin wata biyar a 1377. Shekarun da ya yi cikin hayaniyar mulki su suka tara masa abin faɗa, amma sai da ya samu shiru abin ya fito. Bayan haka kuma keɓewar ta gaza masa. Yana buƙatar littattafan da babu su a sansanin, sai ya koma Tunis a 1378 inda ɗakunan karatu da malamai suke. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma ya buƙaci wuri biyu, kuma shi ya zaɓi lokacin da zai bar wannan ya koma wancan.

Mai zanen gine-gine Louis Kahn ya fahimci haka lokacin da ya zana Cibiyar Salk ta binciken kimiyya a California, wadda aka kammala a 1965. Ɗakunan gwajin manya ne, ba ginshiƙai a tsakiya, ana iya sake tsarinsu duk lokacin da bincike ya canza. A ware daga gare su kuma akwai ƙananan ɗakunan nazari masu tagogi da ke kallon teku. Taku kaɗan ke tsakanin taro da kaɗaici.

Ƙafa ma tana tunani

Masanin halittu Charles Darwin ya yi shekara 40 a gidansa na Down a yankin Kent na Ingila, kuma ya sa an yi masa wata 'yar hanya da ta kewaye wani kurmi a bayan gidan, yana zagaya ta kusan kullum yana juya abin da ya dame shi. A 2014 Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Stanford sun gwada ko akwai wani abu a cikin wannan ɗabi'a. Sun ba mutane aikin kawo sababbin hanyoyin amfani da abubuwan yau da kullum, wasu a zaune wasu suna tafiya. Masu tafiya sun fi kawo dabaru da kusan kashi 60 cikin 100.

Akwai abu biyu a binciken da ya kamata a faɗa. Ko waɗanda suka yi tafiyar a kan injin motsa jiki, suna kallon bango fayau, sun samu ƙarin. Ke nan motsin ne kan gaba, kyan wurin na biye. Sannan tafiyar ba ta taimaka ba a tambayoyin da ke da amsa ɗaya tak. Abin da na ɗauka daga nan shi ne wurin kirki shi ne wanda ya bar mutum ya tashi in lokacin tashi ya yi, ya zauna in lokacin zama ya yi. Ofishin da ake auna himmar ma'aikaci da yawan awannin da aka gan shi a kujera yana hukunta shi a kan abin da zai amfani ofishin. Haka ajin da yaro zai yini a kan benci ba motsi.

A nan maganar ta fita daga ofis ta zama ta gari baki ɗaya. Mai hali zai iya gina wa kansa ɗakin karatu da lambu. Wanda ke zaune da mutum takwas a ɗaki biyu fa? Shi ɗakin karatun gwamnati ne ƙofar da zai rufe, hanyar masu tafiya a ƙasa ce barandarsa, filin shaƙatawa mai bishiyoyi ne lambunsa. Duk garin da ya bar laburarensa ya mutu, ko yake rufe shi daidai lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki, ko ya sayar da filayensa aka yi shaguna, ya yanke cewa tunani na masu kuɗi ne. Ba a faɗar haka a bakin taro, amma abin da aka aikata ke nan, kuma wannan ya fi ɓata mini rai fiye da duk wani ɗaki mai fenti.

"Yanzu ai komai a intanet yake"

Aiki daga gida ya ba mutane da yawa abin da ofis ya hana su, wato shiru da iko a kan teburinsu, kuma ina ganin wannan ne ya sa suke ƙin komawa. Amma ya ƙwace musu baranda. Wani bincike da aka buga a 2021 a kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka ya nuna bayan an koma aiki daga gida, kowa ya fi maƙalewa ga 'yan rukuninsa, alaƙa tsakanin sassa ta ragu. A 2022 Melanie Brucks da Jonathan Levav sun gano mutum biyu da ke tattaunawa ta bidiyo suna kawo dabaru ƙasa da waɗanda ke ɗaki ɗaya, domin idonsu ya kafe a kan allo, ba ya yawo a ɗaki. Wajen zaɓar dabarar da ta fi kyau kuwa, bidiyo bai gaza ba. Intanet ta sauƙaƙa magana da wanda ka riga ka san kana nema. Wanda ba ka san kana buƙatarsa ba, har yanzu a hanya ake gamuwa da shi.

Kuɗi da tsoron hargitsi

Za a ce duk wannan sai mai kuɗi. Akasin haka na gani. Abubuwan da suka fi tsada, gilashi da kujerun ƙawa da fitilun ado, su ne mafi ƙarancin amfani. Tagar da ke buɗuwa, allon da kowa zai iya rubutu a kai, tebur mara nauyi da mutum biyu za su ɗaga, ƙofar da ke rufuwa, bishiya a tsakar gida, ba su ne ke cinye kasafi ba. Izini kuma kyauta ne. Abin da ke hana shugabanni bayar da shi tsoro ne: in aka bar kowa ya yi yadda ya so, wuri zai hargitse, baƙo zai zo ya ga ba tsari.

Tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Gini na 20 kansa yana da sinadarin asbestos mai cutar da huhu a jikinsa, kuma katako ne da wuta za ta iya lashewa. Ba na kira a koma ga haka. Hanyar fita in gobara ta tashi, wayar lantarki, tsabtar da lafiya ta dogara a kanta, haƙƙin maƙwabci kada a dame shi, waɗannan ba a sassauta su. Amma yawancin dokokin da ake kafa wa ɗaki ba lafiyar kowa suke karewa ba, fenti suke karewa da idon baƙo. Mai kula da wuri ya ɗauki dokokinsa ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kansa wa kowacce take yi wa aiki.

Iyaye ma abin ya shafe su. Yaro ya yini yana haɗa wani abu da kwali da murafan kwalba da zare, bai gama ba dare ya yi, da safe ya tarar an share an zubar. Wanda ya share bai yi da mugunta ba, shara ya gani. Amma in aka maimaita haka sau da yawa, yaron zai koyi cewa kada ya fara abin da ba zai ƙare a zama ɗaya ba, alhali duk wani abin kirki da aka taɓa ƙirƙirowa ya kwana ba a gama shi ba. Ko gida ya kai yaya ƙanƙanta, ana iya ware masa kusurwa ɗaya ko kwali ɗaya a ce wannan nasa ne, ba mai taɓawa.

Ga masu sa hannu a takardun gina makarantu da ofisoshi da ɗakunan karatu kuwa, buƙatata biyu ce. Kafin a zana komai, a zauna da waɗanda za su yini a ciki, malamai da ɗalibai da ƙananan ma'aikata, a tambaye su inda rana ke dukansu, inda ƙara ke shigo musu, inda suke gudu su ɓuya in suna son yin aiki mai wuya. Sannan kada a kashe kuɗin duka kafin ranar buɗewa. A ajiye wani kaso sai an yi shekara ana amfani da ginin, lokacin da mazauna cikinsa suka san bangon da ya tare musu hanya da ƙofar da ya kamata a ƙara, a miƙa musu su gyara da kansu.